Ko Kun Sani? Rubutun da Bai San Hagu da Dama Ba

A tsarin fayil ɗin zane na SVG, wanda ƙungiyar W3C ta amince da shi a shekarar 2001, ba za ka iya cewa rubutu ya jingina hagu ko dama ba. Zaɓin da umarnin text-anchor ya tanada uku ne kacal: farko, tsakiya, ko ƙarshe. Mai zane yakan sa ɗigo ɗaya a kan hoton, sai ya faɗi ɓangaren rubutun da zai zauna a kan wannan ɗigo. In bai faɗa ba, farko ake ɗauka.

Dalilin kuwa ba ya rasa nasaba da yadda al'ummu ke rubutu. Farkon layin boko yana hagu ne, amma na Larabci da ajami yana dama, rubutun Japananci na tsaye kuma daga sama yake somawa. Da zarar an nuna wa fayil ɗin inda rubutu ya nufa, kalma guda ta wadatar da kowa.

Abin da ya fi ba masu zane haushi shi ne, a sigar SVG 1.1 rubutu ba ya sauka layi na gaba da kansa. Komai tsawon jimla, miƙewa za ta yi har ta fice daga hoton, sai dai a yanka ta layi-layi da hannu.