3.4 Hanyoyin Rage Cin Wutar Agogo a Ma'adanar Kwamfuta

Kamar yadda aka yi bayani a sashen da ya gabata, ma'adanar SDRAM, wadda kamfanin Samsung ya fara fitarwa a shekarar 1992, ba ta karɓar umarni sai bisa bugun agogo. Abin da ake nufi da agogo a nan shi ne wata siginar lantarki mai hawa da sauka babu ƙaƙƙautawa, wadda kowane ɓangare na ma'adanar ke bi, tamkar yadda 'yan gayya ke bin kiɗan ganga a gona. Wannan sashe zai duba dalilin da ya sa agogon ke cin wuta, da kuma dabarun da aka bi don rage wannan ci.

Duk lokacin da siginar ta hau, sai an cika wayoyinta da ƙofofin taransistocin da ke jikinsu da caji. Idan ta sauka, sai a zubar da cajin, ya koma zafi. Wayar da ke ɗauke da bayanai ba ta motsi sai bayanin ya sauya, amma wayar agogo kowane bugu sai ta motsa, ko da aiki ko babu. Abubuwa uku ke ƙayyade wutar da ake sha: yawan cajin da wayoyin ke iya ɗauka, da yawan bugu a daƙiƙa, da kuma ƙarfin bolt idan aka ninka shi da kansa.

Dabara ta farko ita ce rage bolt. SDRAM ta farko tana aiki da bolt 3.3, DDR da 2.5, DDR2 da 1.8, DDR3 da 1.5, ita kuwa DDR4 da 1.2. Bisa lissafin da ke sama, sauka daga 3.3 zuwa 1.2 na mayar da wutar kowane bugu ƙasa da kashi ɗaya cikin bakwai. Sai dai kuma saurin agogo ya tashi daga bugu miliyan 133 a daƙiƙa zuwa miliyan 1,600 a DDR4 mafi sauri, wato ninki goma sha biyu ke nan. Ashe abin da aka samu ta nan, sauri ya cinye shi ta can.

Saboda haka dabara ta biyu ta fi muhimmanci, wato tsayar da agogo a lokacin da babu aiki. Daga SDRAM har zuwa DDR4 akwai wata waya mai suna CKE. Idan aka sauke ta, ma'adanar na rufe ƙofofin shigar umarni, ta hana bugun yawo a cikinta. Amma wannan barci ba ya yin tsawo, domin cajin da ke riƙe da bayanai yana yoyo, kuma dole a sabunta kowane layi cikin kashi 64 bisa dubu na daƙiƙa. Don haka aka tanadi wani barci mai nauyi, inda ma'adanar ke sabunta kanta da wani ɗan agogo na ciki mai tafiyar hawainiya, a kashe na waje gaba ɗaya.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen farkawa. Tun daga DDR, wadda hukumar JEDEC ta fitar da ƙa'idarta a shekarar 2000, ana sanya wata da'ira mai suna DLL, wadda aikinta shi ne daidaita lokacin fitar bayanai da bugun agogon waje. Wannan da'ira tana shan wuta muddin tana kunne. Idan kuwa aka kashe ta, sai ta ɗauki bugu 200 a DDR2, ko 512 a DDR3, kafin ta sake daidaita. Wannan ne ya sa DDR3 ta tanadi zaɓi biyu a ƙaramin barci: a bar DLL kunne a farka da sauri, ko a dakatar da ita a farka a hankali. Idan aka yi gaggawar kashewa alhali aiki na tafe, jiran da za a yi na iya fin wutar da aka tara illa.

Masu ƙera ma'adanar wayar hannu, wato LPDDR, sun yanke hukunci mai tsauri, kuma a ganin wannan nazari sun yi daidai, tunda batir ne jarin waya. Sun cire DLL ɗungurungum, suka ɗora wa na'urar da ke sarrafa ma'adanar nauyin gano lokacin isowar bayanai. Da haka ana iya tsayar da agogo ko a rage saurinsa ba tare da dogon jira ba. A ƙa'idar LPDDR5 ta shekarar 2019 ma an raba agogon gida biyu: mai jinkiri yana ɗaukar umarni, mai sauri kuma, wanda ake kira WCK, ana iya barinsa a kashe sai an zo karantawa ko rubutawa.