Kafin hunturu ya kankama: Yadda ake zaɓen batirin mota mai ƙarko

Da ƙarfe shida na safe ma'aikacin da ke zaune a Kubwa ko Mararaba ya san lissafinsa: in ya ƙara minti ashirin a gida, cunkoso zai ci masa sa'a guda kafin ya isa Sakatariyar Tarayya. A irin wannan safiya ce yakan murɗa makulli, maimakon injin ya tashi sai ya ji wani ɗan ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, fitilun gaban direba su dushe. Ga hadimin da aka damƙa wa motar maigida, ana jiran a kai shi filin jirgi, abin ya wuce makara. Magana ce ta amana.

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu irin wannan ta fi faruwa, shi ya sa mutane da dama ke ɗora laifin a kan sanyi. Gaskiyar ita ce, ɓarnar ta riga ta auku tun a watannin zafi, hunturu tona ta kawai yake yi.

Abin da ke faruwa a cikin akwatin

Batirin mota, wanda asalinsa wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙira a 1859, ɗakuna shida ne, kowanne na ɗauke da farantan dalma a cikin ruwan asid, kowanne kuma na ba da bolt 2.1. Zafin Maris da Afrilu, haɗe da zafin injin, yana ƙafar da ruwan, yana kuma cinye farantan a hankali. Idan sanyi ya zo, aikin sinadaran yakan yi nauyi, baƙin mai ya yi kauri, injin ya buƙaci ƙarin ƙarfi kafin ya juya. Batirin da yake ta lallaɓawa a Oktoba sai ya kasa a Disamba, musamman ga wanda ya tafi hutun ƙarshen shekara Jos, mai tudun kusan mita 1,200, ko Kano da Katsina, inda ɗarin asuba ya fi na Abuja tsanani.

Rayuwar ma'aikaci ma tana ƙara wa batir wahala. Gajeriyar tafiya ba ta isa na'urar caji, wato altaneta, ta mayar da abin da aka kashe wajen tayar da injin ba. Motar ofis da ake ajiyewa makonni saboda maigida ya yi tafiya kuwa, na'urar bin diddigi da ta ƙararrawa suna ci gaba da zuƙar wuta. Batirin da ya daɗe babu cikakken caji, wani farin gishiri yakan daskare a farantansa, ya rage masa ƙarfi har abada.

A fara da awo

Ba kowace ƙin tashi ce laifin batir ba. Kafin a kashe kuɗi, mai gyaran wutar mota ya ɗora mita. Batirin da ya kwana ba a taɓa shi ba, in yana da cikakken caji, zai nuna bolt 12.6; in ya nuna 12.2, kusan rabin cajinsa ya tafi. Yayin tayar da injin bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Bayan injin ya tashi, a ga abin da ya kama daga 13.7 zuwa 14.7. Idan ya gaza haka, altaneta ce ke da matsala, kuma sabon batir ma zai mutu a hannunta cikin 'yan kwanaki. Wani lokaci ma kan batirin ne kawai ya saki ko ya yi farin gari.

Akwai ɗabi'ar da ya kamata mai mota ya hana: cire kan batir alhali injin na aiki don a gwada caji. A motocin zamani wannan na iya ƙona kwamfutar motar, wadda kuɗinta ya ninka na batir.

Lambobin da ke jikinsa

Abu na farko shi ne girma da wurin zaman kawuna. Motocin Japan sun fi amfani da lamba irin 55D23L: 23 na nufin tsawonsa kusan santimita 23 ne, harafin L ko R kuma na nuna ɓangaren da kawunan suke. Motocin Turai suna da nasu tsarin, mai gajeren akwati. Batirin da bai zauna daram ba, aka ɗaure shi da roba ko aka ja waya da ƙarfi don ta kai, ramukan hanya za su girgiza shi har farantansa su zube.

Na biyu shi ne Ah, wanda ke nuna yawan wutar da yake iya adanawa. A kasuwa an fi jin 45, 62, 75 da 100. Littafin motar ya faɗi abin da ya dace; ɗan ƙari ba ya cutarwa in akwatin ya shiga, ragi ne ke jawo nadama.

Na uku shi ne CCA, ma'aunin da aka yi domin ƙasashen ƙanƙara: yawan wutar da batir zai iya fitarwa na daƙiƙa 30 a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, ba tare da ya faɗi ƙasa da bolt 7.2 ba. Jami'in da aka tura ofishin jakadanci a Kanada ko Rasha dole ya sa wannan lamba a gaba. A Nijeriya, inda sanyi ba ya kaiwa can, ya wadatar a daidaita da abin da masu ƙera motar suka rubuta. Juriyar zafi ta fi muhimmanci. Wannan ne ma dalilin da ya sa bai kamata a dogara da batirin da ya zo cikin motar tokumbo ba, domin ya riga ya ci shekarunsa a wata ƙasa.

Na huɗu shi ne nau'i. Motar da ke kashe kanta a danja ta sake tashi tana buƙatar EFB ko AGM. In aka sa mata na gama-gari, ba zai daɗe ba. Wasu motocin Jamus kuma sai an sanar da kwamfutarsu cewa an canja batir, in ba haka ba za ta ci gaba da yi masa caji irin na tsoho.

A bakin shago

Ko a Apo ne a Abuja, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ƙa'idar ɗaya ce. Batir yana tsufa ko a kan kanta yake, don haka a nemi ranar da aka ƙera shi, a guji wanda ya haura wata shida a ajiye. A sa mai shago ya auna shi a gaban mai saye. A dubi kawunansa: sabo ba ya da sawun sifana. A ɗaga shi a ji, domin dalma nauyi gare ta, kuma batirin da ya yi shafal fiye da takwarorinsa an yi masa rowar ta. Araha ba ta ado. A karɓi rasiti mai kwanan wata da lambar batirin, a rubuta tsawon garanti a jikinsa. Ga hadimi ko jami'in sufuri, wannan takarda ce za ta kare shi ranar da masu binciken kuɗi suka tambaya.

Wajen ɗaurawa, ana fara cire kan da ke da alamar ragi, shi ne kuma na ƙarshen mayarwa. In batirin mai murfi ne, ruwan da aka tace musamman domin batir ake ƙara masa, ba na famfo ba, ba kuma asid ba.

Tsohon fa?

Masu shago sukan karɓi tsohon batir su rage wani abu a farashi, kuma hakan ya fi a ajiye shi a bayan gida ko a bar yara su fasa. Dalma guba ce, Arewa kuma ta ga illarta a 2010, lokacin da ɗaruruwan yara suka rasu a Zamfara sakamakon dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje. Kada a zubar da ruwansa a ƙasa ko kusa da rijiya.

Wanda batirinsa ya haura shekara biyu, ko ya fara jin injin na jan ƙafa da safe, gara ya kai shi awo a wannan makon. Aikin minti goma ne a gareji, kuma ya fi sauƙi a Abuja da rana tsaka fiye da a gefen hanyar Kaduna da asuba, da iyali a cikin mota.