Tattalin Kuɗin Cefane a Ƙasar Roni

An shirya wannan 'yar takarda domin Hakimai da malamansu na ƙasar Roni, da maƙwabtansu na Kazaure da Gwiwa da Babura, don su sami abin da za su riƙa faɗa wa dagatai da masu unguwanni game da kuɗin cefane. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya hau, kome da a ke ɗaukowa daga nesa kuwa ya bi shi. A watan Yuni na 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da lissafi cewa farashin abinci ya ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Hatsi ya yi sauƙi a 2025, amma wanda ya ga waccan shekara bai kamata ya saki jiki ba.

Abin mamaki shi ne, mutanen wannan yanki manoma ne. Gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi da zoɓo duk a gonakinsu su ke fitowa. To, yaya aka yi tsadar abinci ta kama wanda ya noma abincin? Amsar tana cikin tafiyar da hatsi ke yi. Da kaka manomi ya kan kai buhunansa kasuwa sa'ad da kowa ke kai nasa, ya sayar da araha don biki ko biyan bashi. Dillalai su kwashe su kai Dawanau ta Kano. Kafin ruwa ya sauka rumbu ya yi ƙasa, sai a ga magidancin nan a bakin kanti yana sayen taliyar leda da burodi da dunƙulen miya. Alkamar da a ke yin taliya da burodi, mafi yawanta daga ƙasashen waje a ke shigo da ita. Wanda ya saye su ya biya kuɗin jirgin ruwa, da na masana'anta, da na leda, da na motar da ta taso daga Ikko, da ribar kowane hannu da kayan suka bi. Geron rumbunsa kuwa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a kansa.

Saboda haka girkin gida mai araha daga rumbu ya ke farawa, tun kafin a ɗora tukunya. Lissafin ba shi da wuya, kowane malamin Hakimi yana iya yi wa magidanci shi a bayan takarda. Buhu tiya 40 ne. A ɗauka gida ne da ke cin tiya 1 kullum: buhu zai kai shi kwana 40, shekara kuwa tana bukatar buhu 9 da 'yan kai. Gidan da ke cin tiya 2 sai ya ninka. Abin da ya ragu bayan an fid da zakka, an keɓe na ci da na iri, shi ne na sayarwa. Da yawa su kan juya al'amarin, su sayar tukuna, sa'an nan su duba abin da ya saura.

Wake ya fi hatsi wuyar ajiya saboda ƙwari, shi ya sa a ke gaggawar rabuwa da shi. Akwai dabara. Tun 2007 aka fara yaɗa buhun nan mai ruɓi uku da a ke kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙago, watau leda biyu masu kauri a cikin buhun saƙa. In an busar da wake sarai, an ɗaure bakin kowace leda dabam, iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu ba tare da an zuba magani ba. Lalle a ja kunnen mutane game da zuba maganin feshi a cikin abin da za a ci. Irin wannan aiki ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015, abin da Bature ya ƙi saya kuwa bai dace a ba yaro ba.

In an zo ga tukunya, tiyar gero da aka surfa a gida ba ta da abin yarwa. Tsabar ta zama tuwo ko fura ko kunu, dusa ta tafi ga akuya da kaji, ƙasarin wanki ma dabba ta sha. Tuwon da ya kwana ya zama ɗumamen safe, wanda ya fi shayi da burodi riƙe ciki ga mai zuwa gona. Gyaɗa haka ta ke: a soya, a niƙa, a matse mai, tunkuzar ta zama ƙuli-ƙuli, harawar kuma abincin bisashe ce da rani. Kayan miya su ne inda kuɗi ke zurarewa kaɗan-kaɗan ba a lura, domin kullum a ke saye. Kuka da kuɓewa da karkashi da yakuwa da zogale duk ana busar da su a inuwa a ajiye. Tumatir da tattasai, a lokacin da masu lambu suka cika kasuwa da su da rani, a yanka a shanya su zama kauɗa, su yi amfani da damina sa'ad da ɗanyen ya yi tsada. Dunƙulen Maggi da ire-irensa suna da daɗi, ba a ce a daina ba, sai dai babban abin da ke cikinsu gishiri ne. Daddawar kalwa, ko ta batso da a ke yi da 'ya'yan zoɓo, ita ce ke sa wa miya abin gina jiki. Wannan dalili kaɗai ya isa Hakimi ya hana sare ɗorawa da kuka a gundumarsa.

Amma fa kada a fahimci wannan bayani a karkace, a ce duk abincin saye ɓarna ne. Sayen dafaffen abinci tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Wata Baturiyar Ingila mai bincike, Polly Hill, wadda ta yi nazarin Batagarawa kusa da Katsina ta buga littafinta a 1972, ta nuna yawan cinikin da matan aure ke yi daga cikin gidajensu. Fura da ƙosai da waina da koko da awara da a ke saye a maƙwabta, daga amfanin gonar ƙasar nan aka yi su, kuɗin kuma bai bar garin ba. Da shi uwa ke tara kayan ɗakin 'yarta. Har ma ga gwauro, ko gida mai mutum biyu, sayen kokon safe ya fi hura wuta sauƙi. Bambancin da za a nuna wa jama'a shi ne tsakanin abin da aka sarrafa a gari da abin da aka sarrafa a masana'anta mai nisa.

Kada kuma a manta girkin gida yana da nasa kuɗin. Na fari itace ne, ƙasar nan kuwa ba ta da daji mai yawa da za ta yi wasa da shi. Murhun duwatsu uku a fili yana watsar da zafi. In an kewaye shi da laka, an bar ƙofa ɗaya, an rufe tukunya, itacen da a ke ci ya kan ragu. Kara da totuwa su taimaka. Wake in an jiƙa shi tun da dare ba ya cin wuta kamar busasshe. Na biyu ƙarfin mata ne. Sussuka da surfe da tankaɗe da tuƙi aiki ne na yini, magidancin da ya hana kuɗin injin niƙa yana cewa tattali ya ke yi, ya ɗora nauyin ne a kan wuyan iyalinsa. Kuɗin niƙa yana cikin cefanen da ba a taɓawa. Maganar nan kuwa ba za ta isa cikin gida ta bakin maza kaɗai ba, sai an bi ta malaman Islamiyya mata da ungozomomi da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi.

Ana roƙon Hakimai su ta da wannan zance a taron dagatai na kafin kaka, watau cikin watan Agusta ko farkon Satumba, tun gero bai shigo gida ba. In an bari sai da bazara, buhunan sun riga sun tafi. Malaman Hakimai kuma kowannensu ya buɗe ɗan littafi, ya riƙa rubuta kuɗin tiyar gero da dawa da wake da kwalabar man gyaɗa a kasuwar da ta fi kusa da shi, sau ɗaya a wata. Bayan shekara guda sai a karanta wa masu unguwanni farashin watan Nuwamba da na watan Yuli a jere, na kasuwarsu ta kansu.