Kada Mu Zubar Da Amfanin Shinkafa

'Yan'uwa ɗalibai, nan gaba kaɗan kowannenmu zai sami kansa a wata makarantar ƙauye, ba mai buga masa ƙararrawar cin abinci. Daga shi sai tukunyarsa, kuma abin da ya fi sauƙin ɗorawa a wuta shi ne shinkafa. To, ya kamata mu san yadda ake dafa ta ba tare da an zubar da amfaninta ba.

Ƙwayar shinkafa tana da riga biyu. Ta waje ita ce ƙaiƙayi, wanda ba a ci. Ta ciki kuwa wata 'yar fata ce siririya, wadda ke zama dusa in an surfa. A cikin wannan fata ne mafi yawan sinadarin da likitoci ke kira bitamin B1 yake. Wanda ya daɗe ba ya samunsa, ƙafafunsa sai su mutu, jiki ya kumbura, har zuciya ta gaza. Sunan wannan ciwo beriberi, amma fa babu ruwansa da 'yan'uwanmu Barebari na Borno.

Ga yadda aka gano haka. A shekarun 1890 akwai wani likita mutumin Holan, Christiaan Eijkman, yana aiki a tsibirin Jawa. Sai ya ga kajin da ake ba su sauran farar shinkafa ta asibitin soja sun kama tangaɗi suna faɗuwa. Da aka koma ba su wadda ba a goge ba, sai suka warke. Saboda wannan bincike aka ba shi lambar Nobel a 1929.

Iyayenmu mata ba su san Eijkman ba, amma sun daɗe da maganin abin, watau gumi. Sukan jiƙa shanshera, su turara ta, su shanya ta bushe, sa'an nan a surfa. Ruwa da zafin nan su ke tura bitamin daga fata zuwa cikin ƙwaya, har surfe ba ya iya raba su. Ƙwayar kuma takan yi ƙarfi, ba ta yawan karyewa a turmi. Saboda haka kada ka raina shinkafar gida don ba ta yi fari fat ba.

To, amma mai dahuwa yana iya ɓata abin da mai gumi ta gyara, domin bitamin B1 yana narkewa a ruwa kamar gishiri. Ga abin da za a kiyaye.

Da fari a tsince shinkafa a faranti tun tana busasshiya. In tana da tsakuwa a rege ta a ƙwarya da hanzari, kada a yi ta cuɗa ta kamar ana wanki.

Na biyu, a auna ruwa. Gwangwani ɗaya na shinkafa, gwangwani biyu na ruwa. In ruwa ya tafasa a zuba shinkafa da gishiri kaɗan, a rufe, a janye itace wuta ta ragu. A bar buɗe tukunya ana juyawa, wannan shi ke sa ta caɓe. Cikin kamar rabin sa'a za ta shanye ruwanta ta yi wara-wara. Wanda ya cika tukunya da ruwa, ya tace ya zubar, lalle ya ba kwata abincinsa, shi ya ci saura.

Na uku, a yi hankali da kanwa. Tana sa abinci ya nuna da wuri, amma tana kashe bitamin B1. In wake da shinkafa za ka yi, gara ka jiƙa waken tun da dare.

Malami mai ƙoshin lafiya shi ke iya tsayawa gaban allo tun safe har azahar. Abin da muka koya kuma mu koya wa yaranmu, su kai gida. Allah ya sa mu dace, amin.