Ƙusar da ke mayar da jijiya jikin ƙashi



A Birnin Tsaba da sauran garuruwan ƙasar Zurmi, idan ɗan acaɓa ya faɗi, ko ɗan kokawa ya sauka a kan kafaɗa, gidan mai ɗori ake fara nufa. Karaya kam takan ɗoru. Amma akwai raunin da kara da tsumma ba sa magancewa: hoto ya nuna ƙashi lafiya lau, hannu kuwa ya ƙi ɗaguwa, dare ya yi zogi ya hana barci. Sau da yawa ɗaya daga cikin jijiyoyi huɗun da ke riƙe da kan ƙashin kafaɗa ce ta ɓalle daga mazauninta.

To, yaya za a ɗinke jijiya da ƙashi? A da, sai likita ya huda ramuka a ƙashin ya zura zare. A shekarar 1985, Dakta Marlowe Goble da Karl Somers na Amurka suka fito da 'yar ƙusa mai ɗauke da zare. Aikinta irin na turke ne: a kafa ta cikin ƙashi ta nutse, a ɗaure jijiyar da zaren, a jawo ta ta manne, har jiki ya haɗe su da kansa. Kaurinta 'yan milimita ne kawai. Akwai ta ƙarfen titaniyam, akwai ta roba mai ƙarfi, wata ma narkewa take yi a hankali. Galibi ba a cire ta.

Bayan tiyata hannu yakan yi mako 4 zuwa 6 a rataye, sannan watanni na motsa gaɓa kafin a koma riƙe galma.

Wannan aikin likitan ƙashi ne, kuma abin takaici, irin waɗannan likitoci sun yi wa arewacin Zamfara nisa. Sai an je Gusau, wani lokaci har Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, ga tsadar mota, ga fargabar hanya. Duk da haka jinkiri ya fi tsada, domin jijiyar da aka bari tana janyewa, tsokar ta rame ta koma kitse, har ɗinkin ya gagara.

Don haka jama'a, duk wanda ya faɗi, aka kwana biyu hannunsa bai ɗagu ba, a taimaka a kai shi asibiti a duba jijiyar.