Renon 'Yan Kwikwiyo: Abin Da Mazauna Kudu Za Su Koya Daga Kujama

Duk wanda ya tashi daga Kaduna ya bi hanyar Kachiya, da ya wuce matatar man fetur ɗin nan da aka buɗe cikin 1980, ba zai yi wata doguwar tafiya ba zai iske Kujama, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Chikun. Daga nan hanya ta miƙe, ta ratsa Kasuwan Magani da Kachiya da Zonkwa har Kafanchan, garin da ya yi suna saboda mahaɗar jirgin ƙasa. Ƙasa ce ta manoma, Gbagyi da Adara da Bajju da Atyap da Ham, ga kuma Hausawa da Filani da suka daɗe zaune tare da su.

A wannan yanki kare ma'aikaci ne. Shi ke korar biri daga gonar masara, shi ke bin mafarauci daji da rani, shi ne kuma ke fara haushi in baƙuwar ƙafa ta doso ƙauye da dare, abin da ya ƙara masa daraja a 'yan shekarun nan da masu satar mutane suka addabi ƙauyukan Chikun da Kajuru. Don haka in karya ta haihu a gida, maƙwabta sukan riga su kama nasu tun idonsu bai buɗe ba.

Wannan magana kuwa ta shafi 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal, domin da yawa daga cikinsu aikin gadi suke yi, ko tsaron kara da rumbunan kaya, kuma sau da yawa akan haɗa su da kare. Wasu ma in sun je gida hutun Salla ko Kirsimeti sukan komo da kwikwiyo cikin kwali. Koke-koken da aka fi ji daga wurinsu iri biyu ne. Ko dai 'yan kwikwiyon su mutu ɗaya bayan ɗaya kafin su cika wata biyu, ko kuwa su rayu su dinga ɓata tsakar gidan haya, har maƙwabta su kai ƙara, mai gida ya ce ko kare ya fita ko mai kare ya kwashe kayansa. To, duka biyun tushensu ɗaya ne, watau abin da aka shimfiɗa musu a makonni takwas na fari.

Makonni uku na fari

Karya takan ɗauki ciki na kimanin kwana 63. 'Ya'yan sukan zo ido rufe, kunne toshe, ba sa buɗe ido sai bayan kwana 10 zuwa 14. A wannan lokaci jikinsu ba ya iya riƙe ɗumi da kansa, ba sa kuma iya fitsari ko kashi sai uwar ta lashe musu ciki da gindi, ita ce kuma ke share abin da ya fito. Ashe ke nan a makonnin fari babu wata koyarwa da ta hau kan mai kare. Aikinsa biyu ne kurum: wurin ya bushe, ya kuma yi ɗumi.

A ƙauyukan Kujama karya da kanta take zaɓen wuri, galibi ƙarƙashin rumbu ko lungun da ke kusa da murhu. Ba ta yi wauta ba. Rumbu a kan duwatsu yake, ruwan sama ba ya kwanciya a ƙarƙashinsa, iska ba ta bugun wurin, ƙafar mutane ma ba ta kai can. Mai gida da ya san abin da yake yi sai ya ƙara mata busasshiyar ciyawa, ya dinga kwashe wadda ta jiƙe yana ƙonewa. Da hunturu, cikin Disamba da Janairu, sanyin dare kaɗai ya isa ya kashe kwikwiyon da ya gangaro daga jikin uwarsa, shi ya sa ake kange wurin da zana ko buhu.

Wace shimfiɗa ta fi?

Kowace shimfiɗa da amfaninta da kuma aibinta. Busasshiyar ciyawa tana da ɗumi, ba ta kuma cin kuɗi, amma maɓoyar ƙuma da kaska ce, sai an riƙa sake ta a kai a kai. Zallar siminti yana da sauƙin wanki, sai dai yana zuƙe ɗumin jikin jariri, saboda haka ba a kwantar da su a kansa haka nan. Ledar ɗaki da tayil kuwa santsi gare su. Kwikwiyo da ƙafafun baya yake tokarawa in zai kama nono, haka kuma in zai fara tsayuwa, to, in wurin da santsi sai ƙafafun su dinga baje wa, wani ma ya makara wajen tafiya.

Garin katako da ake samu a wurin masu yankan katako yana shan ruwa ƙwarai, amma ƙurarsa tana shiga hanci da ido, tana kuma manne wa cibiyar da ba ta warke ba. Kada a kusanto da shi sai sun yi wayo. Tsummokara masu zare da buhun da ya yage su ma abin tsoro ne, don zaren yakan naɗe wuya ko ƙafa, uwar kuma takan kwanta kan wanda ya ɓuya a cikin ninki ba ta sani ba.

Abin da ya fi dacewa da mazaunin birni shi ne ya haɗa biyu ko uku. A sami akwatin katako ko babban kwali wanda uwar za ta miƙe a ciki sosai, a rage tsawon gefe ɗaya yadda ita za ta tsallaka amma 'ya'yan ba za su faɗo ba. A ɗaga shi daga siminti da katako. A shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙasa don su sha danshi, sa'an nan a ɗora buhun ashasha mai kyau ko tsohon bargo a miƙe shi sosai. A tanadi buhu biyu ko uku, ana wanke ɗaya ana shanya shi a rana a kan igiya, ɗaya yana aiki.

Ƙuda da tsutsa

Dalilin da ya sa aka ce a kan igiya, kuma a rana, shi ne wani ƙuda da likitoci ke kira ƙudan tumbu, wanda ya fi yawa da damina da kuma wurare masu laima irin na Kudu. Wannan ƙuda yana zuba ƙwansa a cikin yashi ko ƙasa mai inuwa wadda fitsari ko kashi ya ɓata, haka kuma a jikin tufafin da aka shanya a ƙasa. In ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar sai ta huda fata ta zauna, wurin ya kumbura kamar maruru da ɗan rami a tsakiya. 'Yan kwikwiyo ne ta fi kamawa, wani a same shi da goma ko fiye, amma tana kama yara ma. Maganin abin shi ne bushewa da rana, da kuma goge tufafin yara da dutsen guga mai zafi.

Ta biyu ita ce tsutsar ciki. Yawancin 'yan kwikwiyo da ita ake haihuwarsu, domin tana ratsawa daga uwa tun suna ciki, tana kuma bin nono. Alamarta ƙaton ciki da rama da gashi a hargitse. Ƙwanta yana fita cikin kashi, in ya yi mako biyu zuwa huɗu a ƙasa sai ya zama mai cutarwa, kuma yakan daɗe a raye watanni da yawa. Yaro mai rarrafe da ke kai ƙasa baki yana iya haɗiye shi, tsutsar ta bi jini ta kai hanta, wani lokaci har ido. Nan ne amfanin kwashe kashi kullum ya fito fili, don wanda aka kwashe ran da aka yi shi bai kai ga cutar da kowa ba. A zuba shi a masai ko a binne shi da zurfi, a wanke hannu da sabulu. Likitocin dabbobi kuma sun ba da shawarar a fara ba 'yan kwikwiyo maganin tsutsa tun suna mako biyu, a maimaita kowane mako biyu har su cika wata uku, a haɗa da uwar.

Koyar da fita

Daga mako na uku zuwa na huɗu sai abu ya sake. 'Yan kwikwiyo sun fara tafiya, sun fara lasar abinci, uwar kuma ta fara janye jiki daga share musu. A nan ne halin da Allah ya yi su da shi yake bayyana: ba sa son ɓata inda suke kwana, sai ka ga ɗan mitsitsi ya ja jiki ya sauka daga shimfiɗa kafin ya tsuguna. Zuwa mako na bakwai ko na takwas kuwa ya riga ya saba da irin abin da yake ji a ƙarƙashin ƙafarsa in zai yi, shi zai dinga nema har girmansa.

A ƙauye abin yana gyaruwa da kansa, domin ciyawa ce makwanci, ƙasa ce waje, bambancin a fili yake. Shi ya sa da wuya ka ga karen ƙauye ya ɓata ƙofar ɗaki, sai ya nufi bayan gida ko bakin gona. A gidan haya na birni kuwa, inda ɗaki da baranda da tsakar gida duk siminti ne, kwikwiyo ba ya ganin wani bambanci, ko'ina ma wuri ne. Wanda aka sabar wa yi a kan tsumma, ran da ya ga tabarma ko darduma a shimfiɗe ba zai yi wata-wata ba. Laifin kuwa ba nasa ba ne.

Saboda haka tun daga mako na uku a raba musu wuri biyu. Gefe ɗaya makwanci, ɗaya gefen kuma, taku biyu ko uku daga nan, a ajiye tsohon faranti mai faɗi ko jarkar da aka tsaga biyu, a cika da yashi ko ƙasa. A riƙa zubar da yashin kullum ana sake sabo saboda ƙudan nan da aka ambata. Suna girma ana matsar da farantin sannu a hankali, har ya kai lungun da aka keɓe wa karen. Kwanon abinci da na ruwa su tsaya can kusa da makwanci.

In sun kai wata biyu sai a shiga kai su da hannu. Lokutan sanannu ne: da zarar ya farka, da ya gama cin abinci, da kuma bayan wasa. In aka ga yana shinshina ƙasa yana kewaye, to, a ɗauke shi maza. A riƙa faɗa masa kalma ɗaya kullum, in ya yi a wurin a shafa kansa a yaba masa nan take. A ba shi abinci a kan lokaci, sau huɗu a rana, don wanda ke ci a kan lokaci a kan lokaci yake fita. Ɗan wata biyu ba ya iya riƙe fitsari fiye da awa biyu ko uku, ba ya kuma zama abin dogara sai ya kai wata huɗu zuwa shida. Mai gadin dare ma ya fi kowa samun sauƙin wannan aiki, tun da idonsa biyu.

Dukan kwikwiyo ko goga masa hanci cikin ƙazantarsa, kamar yadda wasu ke yi, ba ya koya masa kome sai tsoron mai shi. Gobe sai ya je bayan randa ko ƙarƙashin gado ya yi inda ba a gani. In ya yi kuskure a wanke wurin da sabulu sosai har warin ya fita, don wari ne ke komo da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da lallashi.

Ga Musulmi akwai ƙarin dalili. Malamai sun yarda da ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, amma wajibi ne a nisanta shi daga wurin salla da buta da kwanonin abinci. Karen da ya san lungunsa tun yana ƙarami ya hutar da mai shi, ya hutar da maƙwabta.

Rigakafi

Akwai wata cuta mai suna fabo wadda ta ɓulla a duniya cikin 1978, mai sa amai da zawon jini, tana iya share 'ya'yan karya kaf cikin 'yan kwanaki. Ƙwayarta takan zauna a ƙasa watanni da yawa, don haka ba a sa sababbin haihuwa inda wasu suka mutu da zawo. In siminti ne, a wanke da sabulu, sa'an nan a bi da ruwan bilic, awo 1 cikin awo 30 na ruwa, a bari ya bushe. Allurarta kuwa ana farawa daga mako shida zuwa takwas. Kada kuma a shafa wa kwikwiyo kananzir ko baƙin mai wai don ƙuma ko ƙazuwa, guba ne gare shi.

Babbar allura ita ce ta haukan kare, wadda ake yi in ya cika wata uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe mutum kimanin 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda ke nan tun 1924, tana cikin masu yin wannan allura. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Badun, ban da ofisoshin likitan dabbobi na jihohi. Wanda kare ya ciza kuwa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya nufi asibiti ran nan, kada ya tsaya jiran alama.

Daga ƙarshe, duk mai niyyar aikawa gida a sako masa kwikwiyo a motar doya ko ta citta, ya yi haƙuri har ya cika mako takwas a wurin uwarsa, domin a nan yake koyon rabin tarbiyyarsa. Kafin motar ta iso kuma ya tanadi akwati da buhu da farantin yashi, ya kuma shawarci mai gida da maƙwabta a kan lungun da za a ba karen. Ba a fafe gora ranar tafiya.