Ciwon Jiri a Tsohon Kare da Yadda Ake Jinyarsa

A can cikin kunnen kare akwai wani sashe da ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda jiki yake tsaye. Idan wannan sashe ya samu matsala, sai jiri ya kama dabbar farat ɗaya. Tsofaffin karnuka ne abin ya fi shafa. Kare yakan karkatar da kai gefe guda, idanunsa su riƙa kai-komo da sauri, ya yi ta zagaye ko ya faɗi, wani lokaci har da amai.

Sau da yawa ba a gano musabbabinsa. Amma ciwon kunne, ƙari, raunin ƙwaƙwalwa ko wasu magunguna irin su gentamicin na iya haddasa shi. Likitan dabbobi ne zai tantance, musamman da yake tangaɗi na cikin alamun ciwon haukan kare idan ba a yi wa dabbar rigakafi ba.

Kwana biyun farko su ne mafi tsanani. Ana kwantar da kare a shimfiɗa mai laushi, nesa da matakala da bakin rijiya. Ana kusanto masa ruwa da abinci mai taushi, a tallafe shi da tawul ta ƙarƙashin ciki idan zai fita bayan gida, a riƙa juya shi don kada kwanciya ta yi masa gyambo.

Galibi sauƙi kan fara cikin kwana 3, a warke cikin mako 2 zuwa 3, ko da yake wasu kan ci gaba da ɗan karkatar da kai har ƙarshen rayuwarsu.